Kofin Direba

Kofin da suka ba mu a asibiti na roba ne, rawaya, mai hannu biyu da murfi da ɗan tsukakken baki, irin wanda ake ba yaro in ya fara koyon shan ruwa da kansa. Ranar da muka dawo gida na zuba wa maigidana shayi a ciki na miƙa masa. Ya kalli kofin, ya kalle ni, ya juya fuskarsa bango.

Shekara talatin da huɗu mutumin nan ya yi yana tuƙa doguwar motar fasinja, har ainihin sunansa ya ɓace, kowa Direba yake ce masa, har ni. Shi kuma Tela yake ce min, don a kan keken ɗinki ya same ni, a kansa kuma na tsufa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kama shi ta dama. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo sai ɗan nauyin harshe, amma hannun dama ya tsaya a rabin hanya. Yatsun nan huɗu sun lanƙwashe ciki, ana iya rataya musu abu, amma ba sa damƙa. Na hagun kuwa dama can yana rawa tun kafin ciwon. Yanzu in ya ɗauki kofi da shi, rabin shayin a gaban rigarsa yake ƙarewa.

Don haka sai an rufe ƙofa yake shan abu, ina riƙe da kofin a bakinsa, shi yana kallon silin. Yana da abokai biyu, Kwandasta da suka yi shekaru a mota ɗaya, da Bakanike mai garejin bakin titi. Da can falonmu ne wurin shan shayinsu da musunsu kullum da yamma. Bayan ciwon, da ya ji ƙarar buta a kicin sai ya ce ya gaji, a kai shi ɗaki. Da tafiya ta yi nisa ma ya daina fitowa, sai in tsaya a bakin ƙofa ina shirga musu ƙaryar yana barci. Likita kuma ta ja ni gefe ta ce ruwan da yake sha bai isa ba, in ba mu gyara ba ƙodarsa za ta taɓu. Ni na san mijina. Yana jin ƙishirwa sarai, ya dai gwammace ya bushe da a gan shi ana ɗura masa.

Na zaga kasuwa da tef ɗin awona a wuya. Ashe kofunan duniya duk don yatsa ɗaya ko biyu aka yi mariƙinsu, masu babban mariƙin kuma nauyinsu ya fi ƙarfin mai lafiya ma.

A bayan asibitin da muke kai shi gashin ƙashi akwai wani ɗan layi da nake yanke hanya ta cikinsa. Nan na ga wurin. Tsohon gareji ne aka shafe da farin fenti, an jera kofuna da kwanukan tangaran a taga, farare sol, wasu da zanen shuɗi. An manna takarda a ƙofa cewa ana koyarwa ranar Talata da Alhamis da safe. Na karanta sau biyu. Na ce a raina, matar da ta ɗinka wa mai ƙusumbi kwat ta zauna masa daram, kofi ne zai gagare ta? Na shirya da autarmu ta riƙa zama da babanta ranakun nan biyu, na je na ba da sunana.

Mai wurin yarinya ce, a wurina dai, don ba ta girmi Auta da wani abin kirki ba. Siririya, ba ta da yawan magana, kullum da wata 'yar wayar yankan yumɓu mai guntun katako a kowane ƙarshe rataye a wuyanta. Ɗalibai Mai Waya suke ce mata a bayan idonta. Mu shida ne, ni ce babba, kowa Mama yake ce min.

Ranar farko ta ɗora wa kowa curin farin yumɓu a gabansa, mai sanyi da santsi, ba ko tsakuwa ɗaya a ciki. Ta yi bayani mai tsawo: ana ginawa, a bari ya bushe, a gasa a tanderu sau ɗaya, a yi zane, a tsoma a ruwan ƙyalli, a sake gasawa da wutar da ta fi ta farko. Na ji ta ce yumɓun yana tsukewa in ya sha wuta. Na ce a raina, yadi ma yana tsukewa in ya sha ruwa, wannan ai ba labari ba ne. Sai ta raba mana wata rular katako da ta ce ita ta zana da kanta, da ita za mu riƙa awo. Na ɗora tef ɗina a jikinta, na ga incinta ya zarce nawa. Na yi murmushi, na ce yarinyar nan ko rula ba ta iya zanawa ba. Na jefa ta a aljihun teburina, ban sake waiwayarta ba.

Ana ginin ne a kan wani faifan ƙarfe mai juyawa, ana taka masa feda da ƙafa. Ƙafata ta gane fedar nan tun minti na farko, ai 'yar'uwar ta keke ce. Hannuwana ne suka ci amanata. In na danna yumɓun ya zille, in na ja shi sama ya murɗe ya zube, rannan ma ya tashi gaba ɗaya ya manne a kafaɗar wani bawan Allah da ke kusa da ni. Farin yumɓun nan ba ya son a daɗe ana taɓa shi, da ya sha ruwa da yawa sai ya saki jiki. Ni kuwa na saba da yadi, wanda in ka ɓata ka farke ka sake.

Sai a sati na shida wani abu ya tsaya da ƙafarsa a gabana, mai kama da kofi. Na ɗaga ƙafa daga feda, na gyara zama don kowa ya gani. Mai Waya ta zo ta tsaya a kaina.

"Mama, kin gama?"

"Na gama."

Ta zare wayar daga wuyanta, ta zura ta ƙarƙashin kofin, ta ja sama. Kofina ya rabe biyu a gaban idona.

"Duba nan," ta ce, tana nuna min cikin yankan. "Gindin ya yi kauri da yawa, bakin kuma kamar takarda. In ya shiga wuta ba za su ja tare ba, zai tsage."

"Ke ba ki da tausayi ne? Sati shida fa!"

"Ina da shi, Mama. Shi ya sa ban bari tanderu ya gaya miki ba."

A shagona ni ce nake farke wa masu koyo ɗinki, ga shi yau sa'ar 'yata tana yanka min aiki, tana yi ma ko a jikinta. Ta yanka min goma sha ɗaya, ina lissafe da su. Na sha biyu ta ɗaga, ta juya shi, ta shafa cikinsa da yatsa, ta mayar da wayar wuyanta.

Ban gaya wa kowa a wurin don wa nake yin kofin ba. Direba ba ya son a yi maganar ciwonsa a waje, ni ma ba na son a tausaya min. Wata rana yana barcin rana na lallaɓa na auna yatsunsa huɗu a lanƙwashe: inci uku da rabi. Na ƙara kwata, irin rarar da nake barin wa yadin da na san zai tsuke in an wanke. Da tef ɗina na auna mariƙin, na manna shi, na ce wannan ko a mafarki ba zai matse shi ba.

Bayan gashin farko aka zo zane. Shuɗin da ake zana wa tangaran gari ne ake damawa da ruwa, kuma kafin ya shiga wuta launinsa toka-toka ne, ba ka ganin shuɗi ko kaɗan. Mai Waya ta ce a ja burushi sau ɗaya a wuce. Ni da na ga ya yi dishi-dishi sai na bi kansa sau uku, na cika jikin kofin da furanni kamar ina yi wa riga aiki a wuya. Da aka buɗe tanderu, furannina sun narke sun zubo, sun koma baƙi-baƙi. Amma kofin yana ƙyalli, in ka ƙwanƙwasa shi da farce yana amsawa. Idona ya gaya min ya ƙanƙance, zuciyata ta ce ba komai. Na naɗe shi a ƙyalle na kai gida, ina tafe ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Auta tana nan na warware ƙyallen. Direba ya daɗe yana kallonsa.

"Ke kika yi wannan?"

"Da hannuna. Kawo naka."

Wata bakwai rabon da ya miƙo min hannun nan a gaban wani, amma ya miƙo. Na zuba shayi mai ɗumi, na kama yatsunsa na zura. Uku suka shiga da ƙyar, ƙaramin ya tsaya a waje, gaɓar tsakiya ta maƙale. Na ce ya dai gwada. Ya cije leɓe ya ɗaga, kofin ya karkace, shayin ya kwarara a cinyarsa har ƙasa. Auta ta zabura da tawul. Sai da muka sa sabulu kafin yatsunsa suka fito.

Bai yi faɗa ba. Ya ce a hankali, "Tela, na gode. Ki bar ni haka."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ni da na fita neman abin da zai tsare masa mutunci, ni na zubar masa da shi a gaban 'yarsa.

Ranar Alhamis tun ba a gama share wurin ba na isa. Na dangwarar da kofin a gaban Mai Waya.

"Inci uku da kwata uku na gina mariƙin nan. Auna ki gani abin da tanderunki ya mayar min!"

Ba ta auna ba. Ta je teburina, ta jawo aljihun, ta ɗauko rular nan da ƙura ta rufe, ta ajiye ta kusa da tef ɗina.

"Abin da kika gina inci takwas, bakwai za ki ɗauka daga wuta. Shi ya sa na tsawaita incin rular nan, don in kin auna ɗanye da ita, ya fito daidai da tef ɗinki. Na faɗa ranar farko, Mama."

"To da kika ga mariƙin zai yi kaɗan, me ya hana ki magana?"

"Zai yi wa wa kaɗan? Ni dai na ga ya isa hannun kowa, har ya yi yawa. Ba ki taɓa gaya min na wane ne ba."

Na zauna a kan wani buhun yumɓu, na gaya mata komai, tun daga kofin roba har sabulun shekaranjiya. Ban yi niyyar kuka ba, shi ya zo da kansa. Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma na gode mata da hakan. Ta yanko curin yumɓu da wayarta, ta mulmula shi ya yi tsawo, ta naɗe a leda ta ba ni.

"Ki sa masa a hannu ya matse yadda zai iya. Kar ki gyara masa yatsu, kar ki miƙe masa wuyan hannu. Yadda hannun yake zaune muke so mu gani."

Kwana biyu ina bin Direba da curin nan yana ƙi. A na uku na canza salo.

"Ni fa ba don kai nake yi ba yanzu," na ce masa. "Yarinya ƙarama ta kunyata ni, ta nuna min ban iya awo ba. Ni! In ba ka taimake ni na wanke kaina ba, da wane ido zan koma?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. "Ashe akwai mai iya miki."

"Matse ka ba ni, ban tambaye ka sharhi ba."

Ya matse. Na zare curin na duba. Sawun yatsunsa ba a miƙe yake ba, a karkace yake, don wuyan hannun ya lanƙwasa ciki tun ciwon. Ko da mariƙin farko ya ishe shi, da kofin ya karkace a hannunsa ya zubar. Shekara talatin ina taƙama da tef, ga abin da tef bai gaya min ba.

Na mayar wa Mai Waya curin, muka duba tare. Sannan na faɗa mata abin da na kwana biyu ina juyawa a raina.

"Faifan nan naki ba nawa ba ne. Kofin da nake so, bakinsa ya ɗan tsuke don kar shayi ya fantsama in hannu ya yi rawa, jikinsa kuma ba nauyi. A faifai sai na shekara ban kai nan ba. Ana iya shimfiɗa yumɓun nan ya yi faɗi kamar yadi?"

"Ana yi. Amma farin yumɓu ba ya yafe haɗi. Duk inda kika haɗa, nan yake tsagewa."

"Haɗi kuma ki bar min shi."

Na zo da almakashina da takarda mai kauri. Na ɗauki rularta, ita ɗin dai da na raina, na zana fasalin kofin a shimfiɗe yadda nake zana riga kafin in taɓa yadi: jiki ɗaya, gindi ɗaya, da 'yan tsinaye huɗu a sama da za a yanke a haɗe, irin waɗanda muke yi wa riga don ta kama ƙugu. Ta nuna min yadda ake murza yumɓu tsakanin ƙyalle biyu, da sanduna biyu a gefe don kaurin ya zo ɗaya. Sauran kuma hannuna ya san hanya. Na ɗora takarda na yanka, na sassabe bakin kowane yanki a karkace don su hau juna ba tudu, na shafa ruwan yumɓu mai kauri, na haɗa, na bi haɗin da yatsa ciki da waje. Ranar nan ban ji wucewar lokaci ba. Uku na yi, iri ɗaya.

Ina ɗagowa na gan ta tsaye, hannunta a kan wayar.

"Zaɓi wanda kike so ki yanka," na ce.

Ta ɗauki na tsakiya ta raba shi biyu. Ta kai rabin gaban taga, ta duba daga baki har gindi. Ta juya shi. Ta ɗauki ɗaya rabin, ta sake dubawa, tana shafawa da babban yatsa.

"Ina haɗin yake?"

"Nemo shi."

Ta nema ba ta samu ba. Sai ta juya ta ce wa sauran ɗalibai su bar abin da suke yi su zo. Ta miƙa musu rabin kofin suna karɓa hannu zuwa hannu, ta ce, "Shekarata goma ina wannan aiki, ban iya haɗi haka ba. Mama, ranar Talata za ki nuna mana, har da ni." Na ce to, zan duba ko ina da lokaci. Ƙarya nake yi, kaina ya kusa taɓa rufin garejin nan, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Na yi wa biyun da suka rage mariƙi mai faɗi, na manna shi a karkace daidai da sawun curin. Muka lulluɓe su da leda don su bushe a hankali, kwana goma. Duk da haka ɗaya ya tsage a inda mariƙi ya kama jiki. Saura ɗaya tal. Da za a sa shi a tanderu gashin farko, ni na ɗauke shi da hannu biyu, ban yarda kowa ya taɓa ba.

Kafin zane na tambayi mai kofin abin da yake so.

"Kar ki sa min fure," ya ce. "Wancan kamar an yi ɓarin tawada."

Na ja layi ɗaya a ciki, yatsa biyu ƙasa da baki, don duk mai zuba masa ya san inda zai tsaya. A waje na ja layi biyu da suka zagaye kofin, na bi tsakaninsu da gajerun layuka a jere. Sau ɗaya na ja kowanne, ya fito dishi-dishi kamar ba a yi komai ba. Hannuna yana ƙaiƙayin ya ƙara, na zauna a kansa. Na tsoma kofin a ruwan ƙyalli, zanen ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashin farin, na goge gindin tas da soso don kar ya manne a tanderu.

Wutar ƙarshe yini guda take ci, sannan a jira kwana biyu tanderu ya huce. Ranar buɗewa duk mun taru. Mai Waya tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya da safar hannu, nawa yana can ƙasa. Da ya fito, wata ɗaliba ta dafe ƙirji.

"Ayya, Mama! Mariƙin ya karkace a wuta."

"Haka mai shi ya yi oda," na ce.

Shuɗin ya fito tar, siriri, bai zubo ba ko ɗigo. Mai Waya ta ɗaga kofin saitin taga, sai ga hasken rana yana ratsa jikinsa, har ina ganin inuwar yatsunta ta ciki. Ta miƙo min. Ba nauyi. Na zare tef ɗina na auna cikin mariƙin a gaban kowa: inci uku da kwata uku cif.

A gida na ajiye shi a kan ɗan teburin da ke gefen kujerar Direba. Ya sunkuya ya duba layukan.

"Wannan ai titi ne."

"Ni ɗinki na yi. Kawo hannun."

"Ajiye dai tukuna."

Na ajiye. Kwana ɗaya, biyu, uku, kofin yana nan inda na sa shi. Ina lura da shi yana satar kallonsa, amma hannu bai kai ba. Na gane tsoro yake ji, kuma ni na sa masa tsoron da kofin farko, don haka na ja bakina na tsuke. Amma haƙurina gajere ne, kowa ya san ni da haka. Wata bakwai ina cin ƙurar yumɓu, faratana sun lalace, ɗinkin mutane ya taru a shago, a ce abin ya ƙare a kayan ado?

Rana ta huɗu da yamma yana zaune a falo aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ɗago ya yi min alamar da ya saba, wato in ce yana barci. Na buɗe, ga Kwandasta da Bakanike, har sun fara juyawa don sun san amsar.

"Yana nan, idonsa biyu," na ce. "Ku shigo."

Kallon da Direba ya yi min, da kallo yana kisa da ban kai kicin ba. Na dafa shayi, na jera kofi uku a faranti, biyu na gida da nasa. Na zuba masa daidai layin shuɗi, na juya mariƙin ya fuskanci hannunsa na dama, na fita na bar su. A bayan ƙofar kicin na tsaya. In ya zubar a gabansu, na san ba zai ƙara fitowa falon nan ba, kuma ni na jawo.

Ina jin Bakanike yana ta zuba labarin wata mota da aka kawo masa, yana jan maganar don kar wuri ya yi shiru. Cokali yana kaɗawa a kofin Kwandasta. Sai labarin ya tsaya a tsakiya. Na runtse ido ina jiran ƙarar fashewa.

Abin da na ji shi ne kurɓa, doguwa, irin ta mutumin da ya daɗe da ƙishirwa. Sai wata. Sannan gindin tangaran ya sauka a kan tebur, ƙwas, a hankali.

"To ina jin ka," in ji Direba da nauyin harshensa. "Ka ce giyar ce ta ƙi shiga? Ai kai ka ɓata ta, dama can ba ka iya giya ba."

Musu ya kaure. Kwandasta yana dariya har da tari, Bakanike yana rantse-rantse. Ni kuwa na jingina da bango, na toshe bakina da gefen mayafi don kar su ji ni. Na yi ɗinki dubu a rayuwata, an yaba, an sa an fita taro da su, amma ban taɓa jin alfahari da aikin hannuna irin na wannan yammacin ba.

"Tela!"

Na goge fuskata na leƙa. Ɗigo biyu ne a gaban rigarsa, bai ma kula da su ba. Kofin yana rataye a yatsunsa huɗu, a miƙe, ba komai a ciki, ya ɗago shi sama yana nuna min.

"Wannan shayin naki ba sukari."

"Likita ta hana."

"To ƙaro hakanan," ya ce, ya juya ya ci gaba da musunsa.